Dariyar Baba Tsoho da Aka Yanke

Duk wanda na ce wa ina kewar zamanin da, sai ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni wane zamanin da na sani, ni da gemuna bai ma yanke shawarar fitowa ba. To na sani. A ƙauyenmu da ke gefen Tsiga abubuwa sun juya cikin 'yan shekaru, har mutum zai rantse ɗauke garin aka yi aka ajiye wani a gurbinsa. Da, idan amfanin gona ya zo gida, da kunne kaɗai ma za ka gane. Ga bugun masara da kulake, ga mata suna shiƙa suna yi wa iska faɗa don ta ƙi tasowa, ga jakuna suna koke-kokensu na rashin dalili, can bayan gari kuma shanu suna taunar busasshen kara, ƙaras-ƙaras, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Yanzu ka zo majalisar ƙofar gidanmu bayan la'asar ka ji. Mutum takwas, waya takwas, kowacce tana ihunta daban, kowa ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa. Wanda ya ɗago kuma ba gaisuwa zai yi ba, cewa zai yi, "Kun ga abin da suka sake yi?" Ba mai tambayar su wa, ko a ina, ko yaushe. A yi tsaki, a tura gaba.

A wancan lokacin rediyo ɗaya ce a gidanmu, ta kakata Iya, an ɗaure bayanta da robar tayar keke don kada batir ya zubo. Takan rataye ta a jikin rumbu, mu zauna a inuwa muna murje masara daga totuwa har tafin hannu ya yi ja. Iya ba sauraron rediyo take yi ba, shari'a take yi da ita. Idan zaɓe ya matso akan sa wani wasan kwaikwayo da nake mutuwar so, na wani mutumin kirki mai sanyin murya da wani mugu mai dariya kamar ana jan tsohon ƙyaure. Mutumin kirkin kullum shi ne yake wucewa daidai lokacin da marayu suke kuka, kuma duk da rediyo ce sai an san yadda aka faɗa mana irin hular da ke kansa, wadda ta zo daidai da ta wani ɗan takara. Mugun kuwa ko ruwa zai sha sai ya sha da ƙeta. Ni ina ta murna, Iya tana ta tsaki.

"Maigidana," haka take kira na, irin wasan kaka da jika, "wannan mutumin kirkin naka, ka taɓa jin ya yi tuntuɓe? Ko ya manta takalminsa a masallaci?"

"Iya, ai shi nagari ne."

"Nagari ma ciki yana ɓata masa. Wannan ba haihuwarsa aka yi ba, rubuta shi aka yi. Wanda ya rubuta shi kuma akwai abin da yake so a hannunka."

Idan aka gama wasan sai sojojin baka su shigo, masu sayen fili su yabi ubangidansu su yi wa abokin hamayyarsa wankin babban bargo. Da ɗaya ya ce duk jama'a sun yarda da kaza, sai Iya ta ajiye totuwa ta ce, "Ni ba jama'a ba ce? Yaushe aka zo aka tambaye ni?" Idan ya maimaita magana sau uku, ta ce da tana da ƙafa da sau ɗaya ma ta tsaya. Idan kuwa aka sa sarewa mai sa tausayi a ƙarƙashin muryar mai magana, sai ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Ka ji an sa sarewa? To riƙe zuciyarka da kyau, hannu za a zura." Iya ko ƙofar aji ba ta taɓa shiga ba. Ni a lokacin na ɗauka tsabar son gardama ne irin na tsofaffi, don matar nan ko da zakara ya yi cara sai ta ce ya yi sauri.

Ni kuma a garin an san ni da baki. Idan na ga maciji kamar ɗan yatsa a bakin rafi, kafin na iso gida ya haɗiye akuya, kafin na kai majalisa ya haɗa da mai akuyar. Ba wanda ya taɓa jin haushi, don kowa ya san yadda ake sauraro na, a raba goma a ɗauki ɗaya, sauran a yi dariya da su.

Ranar da na fi so a shekara ita ce ranar sakin gona. Idan an kwashe masara da dawa an zuba a rumbu, kakana Baba Tsoho yakan aika wa Baffa Ja'e, Bafulatanin da rugarsa take hayin rafi, cewa gona ta zama tasa. Baffa ya koro shanunsa su zauna a ciki har rani ya yi nisa, su ci kara su bar mana kashi. Baba Tsoho ya ba shi damin dawa da kanwar shanu, gidan Baffa kuma su riƙa aiko mana da nono da man shanu. Kashin shanun nan ne ya sa masararmu take fin ta kowa tsawo, har nakan ce sai da tsani muke karya ta. Tun kafin a haifi babana suke wannan hulɗa. Sai dai Baba Tsoho asalinsu Barebari ne, har yanzu da sauran tsage a kumatunsa, Babarbare da Bafulatani kuwa abokan wasa ne, ba sa gaisawa sai da tsiya. Saboda haka gonarmu ba a sakinta salin-alin, sai an yi faɗa, kuma rabin gari yakan fito kallo.

Baba Tsoho zai tsaya a bakin gona da sillen kara a hannu. Da shanu sun doso sai ya ɗora hannu a ka ya fashe da kukan ƙarya.

"Wayyo jama'a, ku kawo ɗauki, bawana ya zo zai cinye ni. Shekara guda ina wahala, ga shi ya kwaso yunwarsa da ta shanunsa."

Baffa Ja'e, sanda a kafaɗa, ko gezau. "Matsa min, bawa. Wa ya ba bawa gona? Dubi fuskarka, kamar kaji sun yi tono a kai."

"Kai fa dubi ƙafarka. Da ita da karan nan ban san wanda saniya za ta fara ci ba."

Daga nan sai Baba Tsoho ya bi shi da sillen kara, Baffa ya ɗaga sanda kamar da gaske, su zagaya kunyar gona biyu ko uku, numfashi ya ƙare musu, su zube a ƙasa suna dariya har tari ya sarƙe su. A kawo fura a ƙwarya ɗaya su sha, su raba goro, shanu su bazu cikin kara. Shi ke nan an saki gona.

A shekarar da abin ya lalace, zaɓe ya matso. Ranar sakin gona sai ga wani saurayi a kan babur daga Funtua, da baƙin tabarau da waya mai faɗin faranti. Ya ce a kira shi Kwamared. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba Tsoho, ya ce shi aikinsa ɗaukar al'adun gargajiya don kada su ɓace, 'yan baya su gani. Baba Tsoho ya ji daɗi, ya ma koma gida ya canja riga. Ranar ya yi kukan da bai taɓa yi ba, har da birgima. Da aka gama, ana shan fura, sai Kwamared ya yafuto ni, don an riga an nuna masa ni.

"Ƙanena, an ce kai ne gwanin garin nan. Ka iya kuka?"

"Wane iri? Na mutuwa ko na duka?"

"Na wanda aka cinye wa gona. So nake ka fi kakanka."

Wannan ai kamar a tambayi kifi ko ya iya wanka ne. Na shafa miyau a ido, na kama sheshsheƙa. Na ce shanu dubu uku ne suka shigo mana, ko ƙwaya ɗaya ba su bari ba. Na ce kakana ya suma sau huɗu. Na ce yau kwana uku ba a ɗora tukunya a gidanmu ba, alhali ɗumamen da na ci da safe ko hucewa bai gama yi a cikina ba. Mutane suna ta kwashewa da dariya, Baffa Ja'e har da riƙe ciki. Kwamared ya roƙe su su ɗan yi shiru, ya ja ni gefe, ya juya ni yadda rumbunanmu ba za su fito a bayana ba sai filin gona fayau, ya sa na sake sau uku. Ya saya min lemon kwalba, ya hau babur ya tafi.

Bayan kamar mako guda wani ɗan'uwanmu ya dawo daga kasuwar Funtua yana haki, ya ce ga mu a waya. Aka taru a tsakar gida. Abin bai kai minti biyu ba. Da farko sarewa, sannan wata murya mai kauri ta ce, "Ga abin da ba sa so ku gani." Sai ga Baba Tsoho da hannu a ka yana neman ɗauki. Sai ga Baffa Ja'e, an matso da sandarsa har ta cika fuskar wayar, yana cewa, "Matsa min, bawa. Wa ya ba bawa gona?" An maimaita wannan sau uku, ana jan muryar a hankali har ta koma ta dodo. Sai ga ni da miyau a ido. A ƙarshe muryar ta ce shugabannin da ke kai sun yi shiru ne saboda da su ake ci, kuma mutum ɗaya ne zai share hawayen yaron nan. Sai hoton wani ɗan takara ya fito, yana kallon sama kamar mai duban wata.

Ba zan ɓoye ba, ni da farko daɗi na ji, na ce na zama tauraro. Iya ce ta karɓi wayar ta ce a sake kunnawa. Ta kalla sau biyu.

"Ina dariyar?" ta tambaya. "Ya yanke ta daidai inda kakan yaron nan ya buɗe baki. Ina furar? Ina mu da muke tsaye muna shewa? Ku dubi karan nan, ko zangarniya ɗaya babu a jiki. Wace saniya ce take cinye gonar da aka riga aka girbe? Kuma su wane ne ba sa so mu gani, ga shi har ni da ba ni da waya na gani?" Ta miƙa wayar, ta juyo kaina, ba wasa a fuskarta. "Maigidana, ƙaryarka ta gida ce, kowa ya san awonta. Yau ka ba baƙo aronta, ya kai ta inda ba a san ka ba."

Abin da yake ƙona min rai har gobe ba na mutanen nesa ba ne. Su ba su san mu ba, kuma ba na musun cewa akwai wuraren da aka yi ɓarna ta gaske, aka yi kuka na gaske, wasu danginmu ma ta shafe su. Wanda yake da wannan ciwon a zuciya, da ya ga irin hotonmu ba zai tsaya ƙirga zangarniya ba, kuma Kwamared ya san da haka sarai. Na mutanen garinmu ne yake damu na, waɗanda suke tsaye a wurin da idanunsu biyu. Wani maƙwabcinmu da ya yi dariya ranar har hularsa ta faɗi, shi ne bayan kwana uku yake cewa a majalisa, "Ni dama tun ranar na ga wani abu a idon mutumin nan." Wani ya ce ko da wasa ne, ai kalmar bawa ba ta fito haka kawai ba. Mutumin da ya shekara talatin yana jin Baba Tsoho yana kiran Baffa da wannan sunan ke nan. Idonsu ya ga abu ɗaya sau ɗaya, waya ta nuna musu wani sau ashirin da sarewa, sai suka bi waya.

Muka ari wayar ɗan'uwan nan namu muka ɗauki namu hoton don mu tura. Na tsaya a gaban rumbu cike da masara na ce ƙarya na yi, wasa ne, Baba Tsoho ya yi bayanin Barebari da Fulani tun daga tushe. Ina jin waɗanda suka kalla ba za su cika motar haya ɗaya ba, a cikinsu ma rabi cewa suka yi an tsorata yaron, rabi suka ce an saye tsohon. Da na yi ƙarya duniya ta yarda, da na faɗi gaskiya aka ce an biya ni. Baba Tsoho ya ce in shirya, muka hau mota har Funtua, muka yi ta tambaya har muka sami Kwamared a ƙarƙashin wata rumfa mai hotuna, yana danna waya biyu a lokaci guda.

"Yaro, amana na ba ka ka ci," in ji Baba Tsoho. "Mutumin nan abokina ne tun ba a haifi ubanka ba. Ka cire abin nan."

"Haba Baba, ai ba ƙarya muka yi ba, misali muka bayar. In bai faru a gonarka ba ya faru a ta wani."

"To ka je gonar wanin ka ɗauka mana."

"Baba, ko na cire nawa, yana wayar mutum nawa yanzu? Ku yi haƙuri, bayan zaɓe kowa zai manta." Ya sa hannu a jaka ya ɗauko hula irin ta ɗan takarar ya miƙa masa. Baba Tsoho ya bar shi da hannu a miƙe.

Ba a kai ga zaɓen ba. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga samari a kan babura daga ƙauyukan da ke kewaye, sun nufo gonarmu da gorori, suna cewa sun zo rama wa yaron nan. Na sha gabansu ina cewa ni ne yaron, ku dube ni, lafiyata ƙalau, har ƙiba na yi. Wani ya ture ni ya ce, "Matsa, yaro, ba da kai muke ba." Baba Tsoho ya shiga tsakaninsu da shanun ya buɗe hannuwa, yana rantsuwa, hawaye na gaske suna bin tsagen fuskarsa. A cikin wayoyin da ke wurin ba wadda aka ɗaga ta ɗauki wannan. Allah Ya taimaka mai unguwa ya iso da dattawa, aka yi ta ba da baki har suka juya. Ba a taɓa kowa ba. Amma mai unguwa ya ja Baffa Ja'e gefe ya ce shi a shawarce, ya ɗan matsa da dabbobinsa har ƙura ta lafa, don ba kullum za a yi sa'a irin ta yau ba.

Washegari bayan sallar asuba, gari ya yi haske, Baffa ya ɗaure kaya a kan shanu. Rabin karan ma ba a ci ba. Baba Tsoho ya yi ta ba shi haƙuri, shi kuwa ba abin da yake cewa sai, "Ba komai, haka Allah Ya so." Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya, ya dafa kaina, ya ce, "Ka iya kuka, yaro." Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma ya zabga min sandar.

Ƙurar da aka ce za ta lafa ba ta lafa ba. Baffa ya koma can wajen Danja, bai sake dawowa ba. Yanzu idan an yi girbi tara karan muke yi, wani a sayar, wani a ƙone. Masararmu ta dawo daidai da ta kowa, sai mun zuba takin zamani take ɗaga kai. Yaran da suke tasowa bayana ba su san ana sakin gona ba, in suka ji Babarbare ya ce wa Bafulatani bawa sai su fara waige-waige. Hoton kuwa bai mutu ba. Duk lokacin da wani yake neman ƙuri'a ko yake so a ji haushin wani, sai ya dawo da sabuwar murya da sunan sabon gari. Kwanan baya wani ɗan ajinmu ya nuna min shi, ya ce jiya-jiyan nan aka yi a wata jiha. Na ce masa ni ne wannan, ya dubi kunnuwan. Ya ce in ji tsoron Allah, yaron nan an ce ya rasu da yunwa. Na yi masa irin tambayoyin Iya, wa ya ɗauka, me ya faru kafin nan, me ya faru bayan nan, me ya sa aka sa sarewa. Ya ce na cika gardama kamar tsohuwa.

Bara da kaka na goya Baba Tsoho a babur zuwa kasuwar Danja zai sayi ɗan tunkiya. Muna shiga wajen dabbobi sai ga Baffa Ja'e tsaye, sanda a kafaɗa, gemunsa ya yi fari fat. Suka riƙe hannun juna suka ƙi saki. Na ga bakin Baba Tsoho yana motsi, na san tsiyar shekara da shekaru ce ta taru a kan harshensa tana neman hanya, Baffa ma idonsa ya fara ƙyalli yana jira. Sai Baba Tsoho ya waiga dama, ya waiga hagu. Samari ne zaune a kan benci, kowa da waya a hannu.

"Malam Ja'e, ina wuni? Ya iyali, ya dabbobi?"

"Lafiya lau, Malam. Mun gode Allah."

Suka tsaya kamar baƙi biyu masu jiran mota ɗaya, sannan kowa ya kama gabansa. Tunkiyar ma ba mu saya ba. A hanyar dawowa, da muka hango rumbunan garinmu, sai na ji muryar Baba Tsoho a bayan kunnena.

"Shekara hamsin muna tare," ya ce, "yau ne ya fara ce min Malam."